Kaset Ɗin Mama Yana Cikin Tsohon Rediyo

Litinin, ƙarfe 6:15 na yamma

Rabin kwanon shinkafa, shayi kofi ɗaya. Likita ne ya ce in riƙa rubuta abin da Baba ya ci da lokacin da ya ci, shi ya sa na sayi littafin nan. To ni malamar makaranta ce, ba a miƙa mini biro da takarda a ce in tsaya a layi ɗaya.

Baba ba ya cin abinci a ɗaki, ba ya ci a tsakar gida, ba ya karɓa a hannun kowa. Sai na taso daga makaranta na zuba a kula, na zaunar da shi a gaban tsohuwar motarsa, na ɗaura masa bel, na tayar, muryar Mama ta fito, sannan yake buɗe baki. Kaset ne da ta yi masa shekara talatin da wani abu, lokacin da aiki ya kai shi nesa, tana ba shi labarin gida. Jaririyar da ke tsala ihu a bayanta ni ce. Satin da muka rasa ta ya saka shi a rediyon motar, rediyon ya riƙe ya ƙi fitarwa, yau shekara shida. In ya kai ƙarshe sai ya juya da kansa ya koma farko. Ba labarai, ba waƙa, Mama ce kawai daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa asibiti.

Damuwata sifika. Ta ɓangarena ta daɗe da mutuwa, ta ɓangarensa kuma zuzu take yi kamar ƙuda ya faɗa gwangwani, ga kunnensa yana ƙara nauyi. Yau sai da ya manna kansa da ƙofa, shinkafa tana zuba a cinyarsa. Dole in yi wani abu.

Laraba, ƙarfe 1:40 na rana

Na saci lokacin tara na je layin masu gyara, wajen wani mai wayarin da direban makarantarmu ya yi mini kwatancensa. Shago ne ɗan tsukuku, wayoyi rataye ko'ina, rediyoyin mota jere a kanta har rufi. Mutumin yana da fara'a da zaƙin baki, ni kuwa zaƙin baki tun ina yarinya yake cuta ta.

Ya ɓalle marfin ƙofa ya leƙa ya ce, "Malama, wannan sifikar ai ta girme ni. Takardarta ta yage, sa hannu ki ji."

Na ce biyu kawai nake so, na hannu ma sun wadatar, don abin da ke jakata bai taka kara ya karya ba. Ya kawo wasu da aka ciro daga motar da ta yi hatsari ya jona. Sauti ya ƙaru, amma ba wani can ba. Ya ce laifin rediyon ne, na kamfani ne, ba shi da ƙarfin tura su. Ya ɗauko wani na hannu mai cin memori ya gwada mini, sai da gilashi ya yi rawa.

Na ce, "Wannan ya fi ƙarfina."

"Ki bar mini tsohon in rage miki. Akwai masu neman irinsa."

"Da kaset a ciki. Kaset ɗin nan kuwa shi ne komai."

"Haba Malama, ƙaramin aiki ne. In buɗe a hankali in zare miki, a juye shi a memori, ki ji muryar tas kamar tana zaune kusa da ke. Asabar ki zo ki karɓa."

Kamar tana zaune kusa da ke. Da wannan ya gama da ni. Na ce ya buɗe yanzu ina kallo, ya ce aikin yana son natsuwa, ga motoci uku suna jiransa, ni ma ga aji yana jira na. Na yagi takarda na rubuta KADA A TAƁA da jar biron maki, na manna a jikin rediyon da salatif. Da idona na ga ya ɗora shi can saman kanta.

Laraba, ƙarfe 6:30 na yamma

Cokali biyu. Ya yi ta danna maɓallan sabon rediyon, fitilunsa suna ta canza kala. Ya ce, "Ina take?" Na ce ta ɗan fita ne, Asabar za ta dawo. Ya ce, "Ba ta faɗa mini ba." Ya juya fuskarsa wajen taga.

Juma'a, ƙarfe 6:00 na yamma

Shayi rabin kofi. Gobe Asabar.

Asabar, ƙarfe 11:20 na safe



Tun daga nesa na ga mai wayarin ya miƙe yana goge hannu a wando, murmushin nan babu. Na kalli saman kanta. Wurin fayau.

"Malama, zauna tukuna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina rediyona?"

Wai jiya ya fita duba wata mota da ta mutu a hanya, ya bar yayansa a shagon, wani mai sayar da kayan gyara ya zo ya kwashi tsofaffin rediyoyi guda biyar a kwali. Yayan bai sani ba. Na ce bai iya karatu ba ne? Sai ga takardata a ƙarƙashin benci, da sawun takalmi a kanta. Wai salatif ɗin ne ya saki saboda zafi.

Ban san duk abin da na faɗa ba. Na dai san masu gyaran taya sun bar aikinsu sun zo kallo, wata mai sayar da ruwa tana ta "Yi haƙuri baiwar Allah." Ya ce zai mayar mini da kuɗina har da ƙari. Na ce ya jiƙa ya sha. Ya rantse zai nemo mutumin, kasuwarsu ba ta buɗewa sai Litinin.

Sai Litinin. Baba kuma ya ci me?

Lahadi, ƙarfe 4:50 na yamma

Ruwa, da ɗan lemo da na matsa masa.

Yaya ya kira kamar yadda yake yi duk Lahadi. Daga can inda yake komai mai sauƙi ne. "Auta, ya jikin Baba? Kina dai ba shi maganin a kan lokaci?" Na ce da sauƙi. Na ba shi labarin famfon da ke ɗiga, da kuɗin wuta, da maƙwabciyarmu da ta haihu. Minti ashirin muna magana, ban ambaci mota ba.

Litinin, ƙarfe 5:30 na yamma

Cokali ɗaya, shi ma ya tofar.

Na bar ajina da aikin kwafa na tafi kasuwar kayan gyara tare da mai wayarin. Rumfuna ɗari, ko'ina ƙarfe da baƙin mai, kowa yana kira na, "Hajiya me ake nema?" Mun sami mutumin. Ya zazzage kwalin a gabana, huɗu ne, nawa babu. Shi aka fara saye, tun ranar Asabar da safe. Lokacin da nake tsaye ina zazzaga masifa a shago, shi yana nan yana ƙirga ribarsa.

Wa ya saya? Direban tasi ne, mai tsohuwar mota irin tamu, dogo, yana da furfura a gemu. Suna? Bai tambaya ba. Lamba? Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, rediyo na sayar, ba 'yata na ba shi ba." Na ji kamar in rufe shi da duka. Ya ce dai yana jin ko a bakin kasuwa yake lodi ko a bakin asibiti.

Talata, ƙarfe 12:10 na rana

Mun je wajen likita. An ɗora Baba a sikeli, likita ya kalli lambar, ya kalli littafin nan, ya rufe ya kalle ni. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Ya dai nuna hancinsa da yatsa ya ja zuwa ciki, alamar bututun abinci, ya ce akwai gado. Ya ba ni zuwa Larabar mako mai zuwa.

Baba ba zai kwanta a ginin nan ba. Ko wucewa muka yi ta gaban ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda Mama ta cika, damƙe mini hannu yake yi har sai na ji zafi. Ya manta abubuwa da yawa, wannan ɗakin bai manta shi ba.

Laraba, ƙarfe 6:45 na yamma

Shayi, kurɓa huɗu.

Tun ƙarfe biyu nake bakin kasuwa ina leƙa tagogin tasi kamar ɓarauniya. Ashe duk direbobin garin nan dogaye ne masu furfura. Wani ya ce in mijina ne ya gudu in faɗa musu gaskiya su taya ni cigiya, suka kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, don in ban yi ba kuka zan yi. Na bar lambata wajen shugaban tashar.

Da yamma na ce bari in gwada wani abu, na kunna wa Baba rediyo, wata mata tana karanta labarai. Sautin kuwa ba laifi, sifikun nan sun yi kyau, Allah wadaran kyansu. Baba ya toshe kunnuwansa da hannu biyu ya ce, "Wace ce wannan a motata?"

Alhamis, ƙarfe 3:00 na rana

Bakin asibiti. Ba shi. Shugabar makaranta ta kira ni ofis ta ce iyaye sun fara magana. Na ce to.

Alhamis, ƙarfe 6:20 na yamma

Babu. Na ɗaura masa bel, sai da na ja shi sosai kafin ya kama jikinsa.

Juma'a, ƙarfe 5:15 na yamma

Kowa yana cewa muryata irin ta Mama ce, ko a waya 'yan'uwanta sukan rikice. Yau na kulle kaina a mota na ɗauki waya, na ce zan naɗi abin da kaina in sa a memori. Shekara shida ina jin kaset ɗin nan safe da yamma, ai na haddace.

Na fara: "Maigida, da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai dai rufin ɗakin girki da ka ce ka gyara, to ka gyara wa kanka, jiya da roba uku muka kwana." Daga nan akwai maganar wata kaza. Daga nan ni ina kuka. Daga nan kuma me?

Na zauna waya a hannu tana ta ƙirga sakan. Babu komai a kaina. Na san inda zaren yake ƙara, na san inda sautin yake lotsawa in mun hau rami, na san duk aibun sifikar nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da matar take faɗa ne ban sani ba. Ina tuƙi ina lissafin jarrabawa, ina zagin masu babur, ina duba ko Baba ya haɗiye. Uwata tana magana shekara shida a kunnena, ni zuzu nake saurare.

Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.

Asabar, ƙarfe 7:30 na safe

Mako guda ke nan da ɓatan rediyon.

Lahadi, ƙarfe 5:05 na yamma

Ruwa kawai.

Yaya ya ce in ba Baba wayar. Na ba shi, bai ce komai ba sai numfashi. Yaya ya ce, "Auta, me ke faruwa? Ki kai shi mota mana ki kunna masa." Sai na faɗa masa, tun daga sifika har takardar da aka taka. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "Wa ya aike ki?"

Na so in ce wa ya aike ni wankin Baba, wa ya aike ni aske masa gemu, wa ya aike ni neman sa ranar da ya fita ba takalmi. Ban faɗa ba. Don gaskiyarsa ce, ba wanda ya aike ni. Baba bai taɓa cewa ba ya ji ba. Ni ce abin ya dama.

Wa ya aike ni. Wa ya aike ni.

Litinin, ƙarfe 4:40 na yamma

An samu direban.

Mai wayarin ne ya kira, ashe kwana shida yana rufe shago da wuri yana bin tashoshi. Na zage shi a gaban jama'a, shi kuma yana yawo saboda ni. Na same su a gindin wata bishiya bayan gidan mai. Ina leƙa motar na ga rediyonmu, da ɗan karcen nan na gefen maɓalli. Na ce alhamdu lillahi. Sai na ga bakin kaset ɗin a buɗe.

Direban ya cire hularsa yana murzawa. Ya ce, "'Yata, wallahi ban sani ba. Kwana biyu ina aiki da shi a haka, fasinja suna tambaya wace ce wannan take ta surutu. Na sa waya na ɓanɓaro shi, zaren ya naɗe a ciki, na yi ta ja ina tsinkewa."

"Ina ka jefar?"

"A kwandon sharar tasha. Tun Talata. Motar shara tana zuwa kullum da safe."

Na je na duba duk da haka. Na zazzage kwandon da hannuna, ɓawon ayaba da ledoji, mutane suna kallo na. Shi ya zo ya ɗaga ni. Ya ce, "Mahaifiyarki ce? Allah Ya jiƙanta. Amma fa tana da faɗa. Akwai inda take ce wa mijinta ya daina wanke rigunansa da sabulun wanka, sai da na yi dariya ni kaɗai, don ni ma haka nake yi."

Wani baƙo ya ji ta kwana biyu ya riƙe abin da ni ban riƙe ba. Ya ce in ɗauki rediyon kyauta. In kai shi ina?

Talata, ƙarfe 9:00 na safe

Na haɗa jakar asibiti. Riguna uku, bargo, tabaransa, kofin da yake so. Ban je makaranta ba.

Talata, ƙarfe 6:50 na yamma

Na ce mu yi zagayen ƙarshe. Na zuba shinkafa a kula don dai hannuna ya saba. Sai da na tallafe shi zuwa mota, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na tayar, ban kunna komai ba. Muka bi hanyarmu ta kullum, ta gaban gidan burodi, muka zagaya filin ƙwallo, na tsaya inda muke tsayawa.

Ya ce, "Ba ta dawo ba?"

Na gaji da ƙarya. Na ce, "Baba, kaset ɗin ya ɓace. Ni na ɓatar da shi. Na so ka ji ta da kyau ne, na kai gyara, aka jefar. Ba zai dawo ba."

Ban san ko ya gane ba. Ya daɗe yana kallon gaban motar. Can sai na ji ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "Maigida, da fatan kana lafiya."

Ya ci gaba, da irin jan maganarta, da inda take tsayawa ta ja numfashi. Rufin ɗakin girki, roba uku. Kazar maƙwabta da ta koma yin ƙwai a cikin takalminsa. Yaya da ya fasa gilashin taga ya ce iska ce. Ya kai wajen sabulun wanka ya yi 'yar dariya. Ya kai inda nake kuka, ya ce, "Ji ta nan, tun asuba take yi, halinka ta ɗauko." Mutumin da jiya ya tambaye ni ina banɗaki a gidan da ya gina da kansa. Na lallaɓa na danna naɗi a waya, ko numfashin kirki ban yi ba.

Ya yi kusan minti goma. Sai ya ce, "Abu na ƙarshe da zan faɗa maka, kuma ka ji ni da kyau," ya tsaya. Leɓensa yana motsi, ba abin da ya fito. Ya sake ɗaukowa daga baya, ya zo wurin, ya sake tsayawa. Na ga hankalinsa ya fara tashi, hannunsa yana neman abin riƙewa. Ya juyo ya kalle ni.

"Me ta ce a nan?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya a duniya. Na kalli kular da ke cinyata na buɗe murfin.

Na ce, "Ta ce ka ci abinci."

Ya zuba mini ido. Ya daɗe, har na ji kamar ya fi ni sanin abin da nake yi.

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce, Baba. Ta ce ba ta son ka dawo mata a rame."

Ya girgiza kai ya ce, "Matar nan da faɗa take." Ya buɗe baki.

Cokali tara. Shayi kofi ɗaya. Na kira likita na roƙe shi ya ƙara mana kwana uku, ya ce zai ga sikeli tukuna. Jakar tana bakin ƙofa, ban kwance ta ba.

Mama, ki yafe mini, na sa miki magana a baki. Gobe ma haka za ki ce.